Jar Motar Kawu da Batirin da Ya Kumbura

Zuwa ga 'yata Injiniya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da abokan aikinki na kamfanin batir. Mu ma nan lafiya, sai godiyar Allah. Ƙafar hagu har yanzu jan ta nake yi, harshen kuma bai gama saki ba. Shi ya sa ba na karɓar waya: in na yi magana sai an ce mini "na'am?" sau uku, raina ya ɓaci. Likita ya ce in riƙa rubutu don hannu ya warware. To ke kika jawo wa kanki, sai ki yi haƙuri da wannan rubutu mai kama da sawun kaji.

Kwalinki ya iso ranar Talata. Innarki ta farke shi da almakashinta na ɗinki, ta leƙa, ta ce, "Malam, yarinyar nan ta mayar da kai ɗan goye." Ni ma na ji kunya. Shekara talatin da huɗu ina jan tirela, yau a aiko mini da motar da zan saƙale a hammata. Na ce a ɗora ta a kan kabad.

Kwana biyu kawai ta yi a can. Ranar Alhamis da la'asar, Innarki tana shago da masu karɓar ɗinki, na sauko da ita na fita tsakar gida. Na zauna a kujerata, na riƙe rimot ɗin, na ɗan matsa abin nan mai kama da kunamar bindiga.

'Yata, ban san yadda zan gaya miki ba. Motar ta zabura, ta watsa mini ƙasa a ƙafa, kafin in ƙifta ido tana bakin rariya. Sitiyarin bai fi murfin kwalba ba, amma da na murza shi sai ta bi ni. Ta bi ni! Tun ranar da ciwon nan ya kayar da ni a tasha, ko ƙafata ba ta bin umarnina. Na jera bokiti biyu, na shigar da ita tsakaninsu da baya, ba ta taɓa ko ɗaya ba. Sai na ji fuskata ta jiƙe. Innarki ta fito ta tsaya da tef ɗin awo a wuya, ta kalle ni, ta koma.

Mahaifiyarki 'yar baffana ce, amma ke bai fi sau uku na gan ki ba a duniya. Me ya sa kika tuna da ni haka?

Ga tambaya ta biyu. Wannan batir bai fi sabulun wanka ba. Ni na san batirin da sai ƙarti biyu sun cicciɓa. Mene ne a cikin wannan da yake da ƙarfi haka? In na gama tuƙi yakan yi zafi sosai. Takardar da ke cikin kwalin rubutunta ƙanana ne, kuma ba da harshen da na sani ba. Ki koya mini yadda ake ciyar da shi.

Innarki tana gaishe ki.

Kawunki Direba

*

Zuwa ga Kawu,

Na gaishe ka da jiki, Allah Ya ƙara sauƙi. Ina lafiya, sai ɗan mura da ya zaga ofis ɗinmu. A gaishe mini da Inna da aiki.

Na karanta wasiƙarka a tsaye a bakin ƙofar ɗakin gwaji, na sake karanta ta a zaune. Rubutunka ya fi na shugaban sashenmu kyau, kada ka ƙara zagin sa.

Ka ce me ya sa na tuna da kai. Ina 'yar shekara shida ka zo gidanmu da tirela, ka faka ta ta cika layin. Yara suka kewaye ta. Ka ɗaga ni ka ɗora a kujerar direba, ka ce in ja igiyar ham. Ƙarar da ta fito ta tashi tantabarun unguwa gaba ɗaya. Ranar na fara mamakin yadda ɗan yatsa yake motsa babban abu, kuma har yau aikin da nake yi ke nan. Da na zo duba ka a asibiti na ga idonka ba ya barin tagar da ke kallon titi. Shi ke nan dalilin.

Abin da ke cikin batir kuwa, Kawu, da ka gani da ka riƙe baki. Wasu fallaye ne sirara, sun fi ɓawon albasa sirantaka, an jera su ɗaya bisa ɗaya kamar shafukan littafi. Tsakanin kowane biyu akwai wani ɗan shamaki da bai kai kaurin gashin kai ba. Duk ƙarfin da ya watsa maka ƙasa a ƙafa, wannan ɗan shamakin ne yake tsare da shi. Shekara biyar ina duba su a madubin ƙara girma, har yanzu in na leƙa sai tsigar jikina ta tashi.

Gobe da safe za a tura mu wani kwas na mako uku, mota na jira, ban ko haɗa kaya ba. Cikakken bayani sai na dawo. Amma ga abubuwa uku da ba sa jira, na ware kowanne a layinsa don ka gan su da kyau:

Kada ka sa shi a caji yana da zafi.
Kada ka ɗora shi a kan katifa ko tsumma in yana caji.
Kada ka tafi ka bar shi shi kaɗai a kan caja.

Ka riƙe waɗannan, sauran mai sauƙi ne.

'Yarka Injiniya

*

Zuwa ga 'yata,

Ina gaishe ki, da fatan mura ya sake ki kuma kwas yana tafiya daidai. Ni jiki alhamdu lillahi. Jiya na taka daga kujera zuwa bakin ƙofa ba sanda, don motar ta maƙale a ƙarƙashin benci kuma ba wanda zan aika.

Wasiƙarki ta zo a jiƙe, ruwan sama ya shiga jakar mai kawowa. Gefen hagu ya ɗan zuba, tawada ta yi baƙi, amma na karanta komai. Labarin ham ya sa ni dariya har na ƙware. Ni na manta, wallahi.

Umarninki uku ina bin su sau da ƙafa. Kin ce in sa shi a caji yana da zafi. Wannan ban yi mamaki ba, don inji ma ya fi karɓar aiki in ya ɗumama. Da na gama tuƙi nake zare shi, yana ƙona yatsa, in jona. Kin ce in ɗora shi a kan katifa ko tsumma. Innarki ta ɗinka masa ɗan matashi da ƙyallaye da soso, har da baki ja don ya dace da motar. Soket ɗinmu mai kyau ɗaya ne, a shago, a kan kantar da take jera yadikan mutane, to nan ne makwancinsa. Kin ce in tafi in bar shi shi kaɗai. Muna barin sa, ko da mun rufe shago mun shiga ciki cin abinci.

Yanzu na yi jama'a. Tsofaffin abokan tuƙina uku suna zuwa kowace la'asar, mu fita filin bayan gida mai ciyawa. Kowa yana ba ni shawara, ba wanda nake ba rimot. Makanikenmu na tasha ya buɗe cikinta ya dudduba kusan minti biyar, sannan ya ce, "Wanda ya ƙera wannan ya san Allah." Ya canza mata wani ɗan haƙorin giya, yanzu gudunta sai kin gani. Ba na tsayawa sai ta ƙi motsi da kanta.

Abu ɗaya ne. Batirin ya yi ƙiba. Da shafaffe ne kamar sabulu, yanzu cikinsa ya taso, murfin ma da ƙyar yake rufuwa. Yana kuma wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi kamar alewa. Innarki ta ce daɗin matashi ne ya karɓe shi. Makanike ya ce iska ce ta taru, a huda shi da allura ta fita kamar ƙurji. In bai sace ba zuwa ƙarshen mako haka zan yi.

Allah Ya yi miki albarka.

Kawunki Direba

*

Kawu,

Gaisuwa, ina lafiya, ka yafe mini gajarta ta.

KADA KA HUDA SHI. Kada ka matsa shi, kada ka ƙara sa shi a caji, kada ka ƙara sa shi a mota. In yana jone yanzu, a zare filogi daga bango. Kada a ɗauke shi da hannu. A sa shebur a fitar da shi waje, a kan siminti ko ƙasa, nesa da ɗaki da duk abin da wuta take ci, a rufe shi da yashi. In ya fara hayaƙi kowa ya matsa, kada a shaƙa.

Yau na dawo na tarar da wasiƙarka a kan tebur, kwana goma sha ɗaya da rubutawa. Na karanta ta sau biyu. Kawu, kowane layi cikin ukun nan da "Kada" ya fara. Ruwa ne ya cinye kalmar. Duk abin da kake yi, kishiyar abin da na rubuta ne. Laifina ne, na yi gaggawa, na jera su a gefen takarda ba tare da na faɗi dalili ba.

Ga dalilin. A wurin aikinmu akwai wani ɗaki na ƙarfe mai taga ƙarama da gilashi mai kauri. Nan muke kashe batir da gangan don mu ga yadda yake mutuwa. Muna cika shi da caji fiye da kima, ko mu gasa shi, ko mu soke shi da ƙusa. Zafi yana lalata abin da ke cikinsa, ya zama iska, shi ne ƙibar da ka gani. Ƙamshin alewa kuwa alama ce ya fara yoyo. In ɗan shamakin nan ya yage, duk ƙarfin da ya kamata ya fita a hankali cikin rabin awa sai ya fita lokaci ɗaya. Ba ma shiga ɗakin. Ta taga muke kallo.

Na kira lambar Inna ya fi sau ashirin, ba ta shiga. Zan kai wannan tasha da kaina in damƙa wa direban bas ɗin safe, ya ba ka hannu da hannu.

Don girman Allah ku ba ni amsa.

'Yarka

*

Kawu, Inna,

Ina gaishe ku. Yau kwana biyar. Direban bas ban sake ganin sa ba, an ce an canza masa hanya. Wayar Inna har yanzu a kashe. Ba na iya cin abinci, jiya na ɓata gwaji biyu har shugabana ya ce in tafi gida. Duk wanda wannan ta faɗa hannunsa, ko maƙwabci ne, ya rubuto mini layi ɗaya. In ban ji komai ba zuwa Asabar zan taho.

Injiniya

*

Zuwa ga 'yata,

Ki kwantar da hankalinki, kowa lafiya. Ni lafiya, Innarki lafiya, shago yana nan, ko zare ɗaya bai ƙone ba. Wayar Innarki ce ta faɗa bahon wanki tun makon jiya, tana wurin mai gyara. Ni kuma ciwon ya motsa, kwana huɗu na kasa riƙe biro. Ki yafe mana.

Ban huda shi ba. Ba wayona ba ne. Innarki ce ta hana ni allurarta, ta ce ba za a dakushe mata baki a kan kayan wasa ba. Na yi fushi kwana biyu.

Direban bas ya iso bayan azahar, yana haki, ya ce wata yarinya ta rantsar da shi kada ya sha ko ruwa sai ya miƙa wannan takarda. Muna shago. Batirin yana kan matashinsa a jone, ya kai awa guda, kuma a kantar da ke samansa akwai rigunan makaranta na yara wajen arba'in da Innarki ta gama gogewa. Ban ga tabarauna ba, na ce ta karanta.

Ta karanta layin farko da ƙarfi. Na biyu muryarta ta yi ƙasa. Sai ta daina, ta ɗaga kai ta kalli kantar da batirin yake. Shagon ya yi tsit, a nan ne muka ji shi: wani ɗan sauti, tsss, kamar an ɗiga ruwa a kan dutsen guga.

Na ce, "Bari in ɗauko shi."

Ta ce, "Zauna, Malam."

Shekara arba'in ba ta taɓa yi mini magana da wannan murya ba. Na zauna.

Ta fizge filogi daga bango. Ta ce wa direban bas ya ɗauko shebur a bayan ƙofa, shi kuwa ya tsaya baki buɗe, sai ta ɗauko da kanta. Ta zura shi a ƙarƙashin matashin, ta ɗago batir da caja da komai, ta miƙe hannu gaba, ta juya fuska gefe. Ta bi ta tsakanin keken ɗinki da teburin yanka, ta ƙetare dokin ƙofa, tana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da kwano cike da mai. Ta ajiye shi a tsakiyar simintin tsakar gida. Ta ce a kawo yashi daga tsibin magini maƙwabcinmu.

Yashin bai iso ba.

Farin hayaƙi ne ya fara fita ta gefe, mai kauri, yana feshi. Muka ja da baya har bango. Sai wuta. 'Yata, ba irin wutar da na sani ba ce mai lasar abu a hankali. Wannan tsaye ta fito, tana huci kamar ta masu walda, tsawonta ya kai hannuna, haskenta ya sa na runtse ido da rana tsaka. Matashin ya ɓace kafin in ce Allah. Ta lafa, magini ya matso da bokitin yashi, Innarki ta riƙe masa riga. Sai ga ta ta sake tashi karo na biyu, ta fi ta farko. Bayan ta mutu ne ya juye yashin daga nesa, muka bar shi har washegari.

Na taɓa ganin tankar mai tana ci a hanya. Amma tanka girmanta ya kai gida, kowa ya gan ta ya san abin da ke ciki. Wannan abu a aljihun rigata nake sa shi. Na sha ɗora shi a cinya. Direban bas ya juyo ya ce, "Baba, da wannan kuke zaune a cikin yadi?" Sai ya zauna a ƙasa, ya ce yanzu kam a ba shi ruwan.

Washegari na ɗauko tsohuwar wasiƙarki na ɗaga ta a rana. Tawada ta tafi, amma bakin biro ya bar sawu a takardar. Ga ta nan sau uku, ɗaya bisa ɗaya: Kada, Kada, Kada. Kalmar da ba ta fi ƙwayar wake ba. Na daɗe ina kallon ta.

Kada ki ce laifinki ne. Ni ne direban da ya ga allon hanya ya goge, bai tsaya ya tambaya ba. Makanike ma ya zo da kansa, ya ga baƙin tabon a siminti, ya cire hula, ya mayar wa motar haƙorin giyarta na asali ba tare da an ce masa ba.

Ragowar tana cikin bokitin yashi a bayan gida, ki gaya mana inda ake kai irin ta. Motar kuma tana kan kabad. In kin ga ban cancanci wani batir ba, ba zan ji haushi ba.

Innarki ta ce in bar mata bayan takardar, kuma ita za ta liƙe ambulan.

Kawunki Direba

*

'Yata,

Innarki ce. Sannu da tashin hankali, Allah Ya saka miki. Ki ci abinci.

Kada ki saurari maganarsa ta ƙarshe. Tun da aka mayar da motar kan kabad ya koma zaman kallon bango. Ki aiko da batir. Na sayi tukunyar ƙasa mai faɗin baki, na zuba yashi a gindinta, mai gyaran wuta zai ja mana soket zuwa baranda inda ba komai sai siminti. Ni zan riƙa zama a gabansa har ya cika. Ki rubuto mini komai dalla-dalla: minti nawa zai huce kafin a jona, yaushe ake tsayawa da tuƙi, yadda ake ajiye shi in za a kwana biyu ba a taɓa ba. Kuma ki sa takardar a leda.

Yanzu ga abin da ya sa na ce ni zan liƙe ambulan. Ba Kawunki kaɗai ya gajiyar da batirin nan ba. Duk Laraba in an tafi da shi asibiti motsa ƙafa, ina rufe shago in fito da motar. Ina tuƙa ta har ta tsaya, in yi maza in jona da zafinsa don ya dawo ya tarar da shi cike.

Ranar farko gwadawa kawai na yi, in ga me yake sa tsoho kuka. Na matsa, ta tafi. Na murza, ta juyo ta nufo ni. 'Yata, shekara talatin da huɗu ina tsaye a bakin ƙofa ina jiran mai mota ya dawo, ina jin haushin hanyar da ta fi ni samun sa. Ban taɓa sanin abin da yake ji ba sai ranar, ni kaɗai a tsakar gida, da silifa ɗaya a ƙafa, ina ihu.

Don haka batir biyu za ki aiko, ɗaya na aiki ɗaya na hutawa. Zan gaya masa da bakina in na shirya. Kafin nan ki yi shiru, don har yau yana zargin makanike ne ya fasa fitilar gaba.

Innarki Mai Ɗinki